Murfin Jarka

Shekara goma sha ɗaya muna haya a bakin titin nan,
inda gangaren Farar Gada ke tunkuɗo motoci
kamar mai koro awaki.
Da murya na san su, ba sai na leƙa ba:
mai siminti nishi take yi,
mai shanu warinta ke riga ta isowa,
tankar mai kuwa cikinta na kaɗawa,
in ta wuce, kofunan kan kanta su yi ta gaisawa.

Daren Laraba, bayan isha'i,
ina yanka kabeji, sanyi na cin yatsuna,
sai ga hon da bai tsaya shan iska ba.
Birki ya ƙi.
Ƙarfe ya ja ciki a kan kwalta,
agogon bango ya faɗo rubda ciki,
sannan shiru.
Shirun nan ne har yau ban yafe masa ba.

Warin fetur ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa,
ko sallama babu.
A waje ƙafafu, ƙafafu, ƙarar bokitai,
wani na ihu: banza ta faɗi!
Kowa ya san inda kuɗin lita ya kai,
ni ba zan zagi kowa ba.

Zakiru ya zari jarka mai ruwan ɗorawa.
Na caɓe rigarsa, ya fizge,
aka bar ni da maɓalli biyu a tafi.
Har ya kai bakin kwata, ya juyo:
"Inna, ina murfin?"
Murfin da na kwana uku ina faɗa a kansa,
wanda ƙanwarsa ta mayar tayar motar kwali.
Ya durƙusa yana lalube a ƙarƙashin gado,
yana ƙunƙuni, yana cewa za a kwashe a bar shi,

sai dare ya koma rana.

Wata irin rana, ja, mai huci.
Gilashin taga ya tsage, labule ya nannaɗe,
kwanon rufi na tas-tas kamar ana suyar gyaɗa a kai.
Wuta ta bi kwata a guje, ta fi mai babur sauri,
ta faɗa rumfar mai faci, ta lashe tayoyi,
hayaƙi ya haɗiye taurari.
Ta katangar baya muka tsallake,
ni da yara, da takalmi wari guda.

Maƙwabciyata Chundung na tsaye kan dutse
tana kiran Davou, tana kiran Davou,
har sunan ya ƙare a bakinta, ya rage iska.
Da safen nan shi ya ɗauko mini buhun gawayi,
ya ƙi karɓar ko sisi.
Shi bokiti ya ɗauka.
Bokiti ba ruwansa da murfi.

'Yan kwana-kwana sun zo, ruwansu ya ƙare, sun koma.
Direban, ba wanda ya san sunansa.
An ce tun daga saman gangare
hannunsa na waje, yana cewa a kauce.

Gari ya waye.
Mangwaron ƙofar gida rabi kore, rabi gawayi.
Kwalta ta narke, ta daskare da sawun silifa a jikinta,
ƙaramin sawu, bai kai nawa ba.
Na kai wa Chundung kunu, ya huce a gabanta.
Na zauna. Me zan ce?
Nawa yana gida yana kallon bango.

Kafin azahar an ja ƙwarangwal ɗin gefe,
motoci suka dawo, ɗaya na bin ɗaya.
Ran Asabar mai gida ya aiko da jaje,
da tuni kan kuɗin haya.

Murfin kuwa, a cikin tukunyar da ba ma girki da ita
na tsince shi, da ƙusa a tsakiyarsa.
Ban mayar wa jarkar ba.
Yana ƙulle a haɓar zanina.
In kofuna suka fara gaisawa cikin dare,
shi nake damƙewa
har ƙarar ta sauka gangaren, ta wuce.